A Sauke Haƙƙi Kafin A Ɗauki Bulala

  

A wannan mako filinmu zai leƙa arewacin Jihar Zamfara, watau ƙasar Zurmi da maƙwabtanta Ƙaura Namoda da Shinkafi, don mu duba wata magana da ta daɗe tana yawo a bakin manya, a rumfunan kasuwa da ofisoshi da ƙofar masallatai. Maganar ita ce wai duk wannan masifa ta ɓarayin daji da shaye-shaye da rashin kunya da ta auka mana, tushenta guda ne, an ajiye bulala. Wai a da ana dukan yaro a gida, a dake shi a makarantar allo, maƙwabci ma ya zane shi in ya ga ya karkace, shi ya sa aka sami mutanen kirki. Yanzu kuwa da aka ce kada a taɓa yaro, ga abin da muka girba. Waɗansu kuma, galibi daga cikin 'yan boko, suna gefe guda suna cewa laifin na addini ne da aka shigo da shi cikin sha'anin mulki, da an bar shi a masallaci da ba a kai ga haka ba.

Mu dai a namu ganin, kowane ɓangare ya kama wani abu na gaskiya, ya kuma saki wanda ya fi shi girma. Abin da aka saki ɗin shi ne ƙa'idar da malaman Musulunci suka daɗe da shimfiɗawa, cewa wanda bai sauke haƙƙin da ke wuyansa ba, ba shi da hurumin ɗaga bulala, uba ne shi, ko malami, ko hukuma.

MUHAWARAR TA DAƊE

Dattawa daga cikin masu karatu za su tuna da majalisar tsara tsarin mulki wadda ta zauna a Ikko daga 1977 zuwa 1978, inda aka yi ta kai ruwa rana a kan kafa Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a ta Tarayya, har wakilai Musulmi suka fice daga zauren a watan Afrilu na 1978. Daga ƙarshe aka tsaya a kan cewa kowace jiha da ke so ta kafa tata. Za su kuma tuna da shirin Yaƙi Da Rashin Ɗa'a na gwamnatin Janar Buhari da Idiagbon, wanda aka fara a watan Maris na 1984, lokacin da soja da dorina suka koya wa mutane bin layi a tasha da asibiti, aka kuma riƙa sa ma'aikacin da ya makara tsallen kwaɗo a gaban na ƙasa da shi. An ga canji, ba mu musu. Amma da aka hamɓarar da gwamnatin a watan Agusta na 1985, ba a daɗe ba layin ya watse, kowa ya koma halinsa, domin ɗa'ar da tsoro ya kawo tana tafiya tare da mai dorina.

Sa'an nan sai ga ranar 27 ga Oktoba, 1999, ranar da Gwamna Ahmad Sani Yariman Bakura ya ƙaddamar da Shari'ar Musulunci a Gusau, aka fara aiki da dokokinta a watan Janairu na 2000. Mutanen Zurmi da Ƙaura da Shinkafi suna cikin dubban da suka yi tururuwa zuwa Gusau don murna, kuma lalle murnar ta gaskiya ce, domin talaka ya gaji da kotun da ake sayen hukunci a cikinta, ya gaji da ɗage ƙara shekara da shekaru. An rufe gidajen giya da na caca da na karuwai, an kafa hukumar zakka da ta hisba. Kafin shekara biyu jihohi goma sha biyu na Arewa sun kama wannan hanya. A watan Maris na 2000 aka yanke hannun Buba Bello Jangebe saboda satar saniya, labarin ya zaga duniya.

To, mai karatu, riƙe sunan wannan gari. A garin Jangebe ɗin nan ne, shekara ashirin da ɗaya bayan haka, ranar 26 ga Fabrairu, 2021, 'yan bindiga suka shiga makarantar 'yammata ta gwamnati da tsakar dare suka kora ɗalibai zuwa daji kamar dabbobi, aka sako 279 bayan kwana huɗu. A ƙasar da aka yanke hannu don saniya guda, an wayi gari ana kore garke sukutum, daga baya aka koma korar mutane. Ruwa ba ya tsami banza, kuma wajibi ne Musulmi mai kishin Shari'a ya fi kowa son sanin abin da ya tsamar da shi.

ABIN DA YA SAMI ƘASAR ZURMI

Wannan yanki ba baƙo ba ne ga addini ko ga arziki. Namoda, wanda Ƙaura ta ci sunansa, yana cikin manyan jarumawan jihadin Shehu Usmanu da suka ci Alƙalawa a 1808. Jirgin ƙasa ya iso Ƙaura a 1929 yana kwasar gyaɗa da auduga, kasuwar Shinkafi ta ranar Alhamis kuwa har daga Nijar fatake ke zuwa cinta. Amma duba abin da 'yan shekarun nan suka zo da shi. A watan Fabrairu na 2018 aka kashe mutane kimanin arba'in a Birane. A ranar 1 ga Mayu, 2019, aka kai hari makarantar 'yammata ta Moriki, aka tafi da waɗansu ma'aikatanta. A watan Yuni na 2021 aka kashe mutane sama da hamsin a Kadawa da ƙauyukan da ke kewaye da ita. A cikin wannan wata ne gwamnati ta dakatar da Sarkin Zurmi na wancan lokaci bisa zargin hannu a lamarin 'yan bindiga, ta kuma tuɓe shi a watan Afrilu na 2022. A watan Satumba na 2021 aka katse layukan waya a jihar, aka hana cin kasuwannin mako, aka rufe makarantu. Tun kafin wannan, kwamitin da gwamnatin jiha ta kafa a 2019 a ƙarƙashin tsohon Sufeto Janar na 'yan sanda, Muhammad Dahiru Abubakar, ya ƙidaya marayu sama da 25,000 da matan da aka kashe wa maza kusan 5,000 a tsakanin 2011 da 2019.

Yanzu bari mu yi tambayar da ake gudu. Su wane ne masu riƙe da bindigogin nan? Duk wanda Allah Ya kuɓutar daga hannunsu zai gaya maka da yawansu samari ne, waɗansu ko gemu ba su fara ba. Yaron da aka haifa a shekarar da aka yi taron Gusau yau ya haura shekara ashirin da biyar, ke nan mafi yawan waɗannan samari a ƙarƙashin tutar Shari'a aka haife su, a ƙarƙashinta suka yi rarrafe suka tashi. Ba daga wata ƙasa aka sauko da su ba. 'Ya'yan rugagen Dumburum ne da ƙauyukan da ke bakin dajin, sai kuma 'ya'yan cikin gari masu kai musu rahoto da fetur da burodi da ƙwaya.

Shin bulala ce suka rasa? Wanda ya san tashin yaro a ruga ko a ƙauye ya san in akwai abin da bai rasa ba, to duka ne. An dake shi don saniya ta shiga gona, an dake shi don ya dawo da tallan da bai ƙare ba. Abin da ya rasa shi ne malamin da zai zauna da shi ya koya masa alwala da Fatiha da haramcin jinin Musulmi, da makarantar da ke da rufi da malami a ciki, da alƙalin da zai bi wa ubansa haƙƙi ranar da aka kore masa shanu ko aka cinye masa gona. Dokar keɓe wa makiyaya wuraren kiwo ta tsohuwar Jihar Arewa tun 1965 take, hukumar ilmin 'ya'yan makiyaya kuma tun 1989, amma burtali da mashaya sun zama gonakin masu hali, makarantun kuma da yawa sai suna a takarda. Da rikici ya ɓarke, waɗansu 'yan sa-kai suka riƙa kashe wanda suke zargi a tsakar kasuwa ba tare da alƙali ba, 'yan bindiga su kuma su rama a kan ƙauye guda. Yaron da ya ga an yanka ubansa a gabansa, daga kowane ɓangare yake, an riga an yi masa karatun da zai daɗe bai manta ba. Wannan bayani ba wanke ɓarawo ba ne. Wanda ya balaga ya zubar da jini, alhakin yana wuyansa duniya da lahira. Sai dai in ɓera da sata, daddawa ma da wari.

HUKUNCIN SAYYIDINA UMARU

Akwai wata ƙissa a cikin Muwaɗɗa ta Imamu Malik wadda ya kamata kowane mai iko ya haddace. Waɗansu bayin Haɗibu ɗan Abi Balta'a sun saci taguwar wani mutumin ƙabilar Muzaina suka yanka suka ci. Aka kai ƙara gaban Sayyidina Umaru, Allah Ya yarda da shi, ya ba da umurni a yanke hannuwansu. Sa'an nan ya sake dubawa, ya gane ubangidansu yana barinsu da yunwa. Sai hukunci ya juya. Ya tambayi mai taguwa kuɗinta, ya ce ya ƙi sayar da ita a kan dirhami 400, Umaru ya sa ubangidan bayin ya biya shi 800. Imamu Malik ya bayyana cewa ninka kuɗin ba shi ne abin da ake aiki da shi a Madina ba, amma darasin yana nan daram: kafin alƙali ya dubi hannun da ya ɗauka, sai ya dubi wanda ya bar cikin da yunwa. Haka kuma malamai sun ruwaito cewa Umaru bai zartar da haddin sata ba a shekarar fari da yunwa, shekara ta 18 bayan hijira.

Ba wanda zai ce Umaru mai sakaci ne da dokar Allah, shi da ake ba da labarin sandarsa har yau. Abin da ya fahimta shi ne Shari'a gini ce mai tushe da bango da rufi. Tushenta ilmi, bangonta adalci da ciyar da mabukaci, haddi kuwa shi ne rufi. Mu a 1999 mun yi ɗokin ɗora jinka, bangon bai kai ba. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, a cikin littafin da ya rubuta wa Sarkin Katsina Ummarun Dallaje a kan tushen siyasa, ya lissafa raya sana'o'i da kasuwanni da kula da abin da jama'a za su ci a cikin ayyukan shugaba. Wannan ma Shari'a ce, ita ce kuma ba a yi wa gangami ba.

IYAKAR DUKA A GIDA DA MAKARANTA

Ƙa'idar da ta hau kan hukuma ita ce ta hau kan uba. Masu kare bulala kullum suna kawo hadisin da Abu Dawuda ya ruwaito, na umurtar yara da salla suna da shekara bakwai, a buge su a kanta suna da goma. Hadisin gaskiya ne, yana ma cikin gabatarwar Risala da muke karantawa a zaure. Amma a yi lissafi mana. Tsakanin bakwai da goma shekara uku ne, watau salla sama da 5,000 wadda uba zai tashi ɗansa, ya kama hannunsa zuwa masallaci, ya gyara masa ruku'u da sujada, ba tare da ya taɓa shi ba. Uban da ya yi wannan dawainiya, da wuya ya bukaci tsumagiya. Wanda bai yi ba kuwa, ya tsallake umurni na farko ya faɗa kan na biyu. Risalar nan dai ita ce ta wajabta wa uba ciyar da ɗansa namiji har ya balaga, 'ya mace kuma har ta tare a ɗakin mijinta. Ina matsayin wanda ya sallami yaro ɗan shekara shida da ƙoƙo zuwa wani gari, ya shekara bai aika ko da mudun gero ba, ranar da aka ce yaron ya yi sata ya ce a ba shi kashi?

Malamanmu na Malikiyya ba su bar maganar duka sakaka ba. Muhammadu ɗan Sahnun na Ƙairawan, wanda ya rasu a 870, ya rubuta littafi guda a kan ladubban malaman yara. A ciki ya ƙayyade cewa malami ba zai wuce bulala uku ba sai da izinin uba, ko da izini ba zai wuce goma ba, ba zai bugi fuska ko kai ba, ba zai yi duka don huce fushinsa ba, ba zai hana yaro abincinsa ba, ba zai kuma aiki yara bukatun kansa ba. A auna wannan da abin da ke gudana a waɗansu tsangayu da makarantun Islamiyya da na boko, inda gardi ke zane ƙolo da dorina har jini don bai kawo kuɗin Laraba ba. Ibn Haldun kuma, wanda ya rasu a 1406, ya keɓe babi a cikin Muƙaddima don nuna cewa tsanantawa tana cutar da mai koyo. Bayaninsa shi ne, yaron da aka rena da ƙarfi da tsoro yana koyon ƙarya da yaudara don ya tsira, zuciyarsa ta mutu, ya saba nuna abin da ba shi ne a cikinsa ba. Ya ƙara da cewa haka al'umma guda take zama in an mulke ta da danniya. Duk ma'aikacin da ya taɓa ganin yadda ake sa hannu a littafin zuwa aiki don idon shugaba, sa'an nan a sulale, ya ga gaskiyar wannan magana.

Sama da duk waɗannan akwai halin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Anas ɗan Malik ya yi masa hidima shekara goma tun yana yaro, ya kuma shaida cewa bai taɓa yi masa tsawa a kan abin da ya yi ko ya bari ba. Nana A'isha ta shaida cewa bai taɓa dukan mace ko bara da hannunsa ba. Da Aƙra'u ɗan Habis ya gan shi yana sumbantar Hasan, ya yi alfaharin cewa shi 'ya'yansa goma bai taɓa sumbantar ko ɗaya ba, amsar da ya samu ita ce rahama ba ta sauka ga marar rahama. Hausawa sun ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Gaskiya ne, amma tanƙwarawa aka ce, wadda ake yi da hannu biyu a hankali. Ɗanyen icce ma yana karyewa.

Ƙarshen hanyar duka mun gan shi da idonmu a 2019. A watan Satumba 'yan sanda suka buɗe wani gida a Rigasa ta Kaduna suka fito da mutane sama da 300, manya da yara, waɗansu da mari a ƙafa da tabon bulala a baya. A watan Oktoba aka buɗe irinsa a Daura da Katsina, gwamnatin Kano kuma ta rufe gidajen mari na jiharta. Abin lura, iyaye ne da kansu suka kai yawancin yaran nan, suna biyan kuɗi. Ba mugunta ce ta kai su ba, rasa yadda za su yi ne da ɗan da kodin da ƙwaya suka cinye, ga shi asibitin ƙwaƙwalwa irin na Kware ya yi wa talakan Zurmi nisa da tsada. Gwamnatin Tarayya ta hana shigo da maganin tari mai kodin da sarrafa shi a watan Mayu na 2018, amma wa ke kai ƙwaya ƙauye da daji in ba ɗan kasuwa ba? An ɗaure mai sha da mari, mai sayarwa yana sahun gaba a masallaci.

GA MASU CEWA A MAI DA ADDINI MASALLACI

Su kuma 'yan'uwanmu masu ganin a raba addini da sha'anin jama'a, muna ce musu sun yi gaskiya da suka ce 'yan siyasa sun yi kasuwanci da sunan Allah, kuma hukunci ya fi sauka a kan ɓarawon saniya da na keke fiye da ɓarawon biro. Amma maganin da suka kawo ba ya warkar da cutar. Mutumin Zurmi da Musulunci yake auna aure da gado da ciniki da maƙwabtaka. In ka ce masa ya ajiye wannan ma'auni a ƙofar ofis, ba ka bar masa wani abin da zai hana shi cin amana ba sai tsoron mai binciken kuɗi, shi kuwa an san farashinsa. Ciwonmu shi ne an shigo da rabin addini cikin mulki, rabin da ke hukunta na ƙasa, aka bar rabin da ke tuhumar na sama.

A ƙasar Zamfara ɗin nan Shehu Usmanu ya yi kimanin shekara biyar yana zagayen wa'azi, tun daga wajen 1786. A lokacin ne wani malami, Mustafa Gwoni, ya soke shi a kan barin mata suna halartar wa'azinsa, Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya mai da amsa cewa barinsu cikin jahilci ya fi wannan muni, kamar yadda ya ba da labari a cikin Tazyinul Waraƙati. A cikin Nurul Albabi Shehu ya zargi malaman da ke karantar da ɗalibai a waje su bar matansu da 'ya'yansu mata cikin duhu. A cikin Kitabul Farƙi kuma ya lissafa zaluncin sarakuna, har da harajin da Shari'a ba ta sani ba da karɓar gaisuwa kafin a yi wa mutum hukunci. Ka ga ashe addinin da Shehu ya fito da shi fili ya fara ne da karantar da jahili da tuhumar mai mulki, shekaru da yawa kafin a kafa alƙali ko a zare takobi. Wannan shi ne gadonmu, shi ya kamata mu nema a koma masa.

ABIN DA KE WUYANMU

Dokoki dai ba su yi ƙaranci ba. An yi shirin ilmin firamare kyauta a 1976, an yi dokar ilmin bai-ɗaya ta tilas a 2004, an kafa hukumar kula da almajirai da yaran da ba su zuwa makaranta a 2023, a cikin shekarar kuma Gwamna Dauda Lawal ya ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilmi a Zamfara. Takarda ba ta karantar da yaro. Mutane ke yi, kuma mutanen su ne mu masu karanta wannan fili.

Ya kai ma'aikaci, in kana ofishin ilmi na ƙaramar hukuma ka san malaman da ke karɓar albashi ba su taɓa taka ƙauyen da aka tura su ba. In ka rufe ido don ana ba ka wani abu a ƙarshen wata, to ka sani aji guda ka sallama wa daji. In kana ofishin ƙasa ka sa hannu aka yanka burtali aka ba mai kuɗi, kana da kaso a cikin jinin da zai zuba a kansa. In kana kotu ka karɓi na goro ka karkatar da takardar talaka, kai ka koya wa ɗansa cewa gaskiya ba ta da amfani sai ƙarfi. Ba a nemi ka yi wa'azi a ofis ba. Sallar da kake fita yi da azahar ita ce ya kamata a gani a cikin fayil ɗin da ke gabanka.

Ya kai ɗan kasuwa, Alhaji, zakkarka in ka fitar da ita yadda Allah Ya ce, ka ba mutum biyu ko uku abin da zai zama musu jari, ta fi ka canza ta ƙananan takardu ka tara mata da yara a ƙofar gida suna turereniya. Marayun da aka ƙidaya ɗin nan suna nan a Ƙaura da Shinkafi da Gusau, waɗansu a kangwaye, waɗansu a tasha. Ɗauki ɗaya ka sa shi a shagonka, ka koya masa ciniki, ka biya masa makaranta, ka yaye shi da jari kamar yadda iyayen gidanmu na da suke yi wa yaransu. Ƙungiyar 'yan kasuwa kuma ta san wanda ke sayar da ƙwaya, ta san wanda ke loda jarkokin fetur da dare. Shugabanninta suna iya korarsa daga layi tun kafin hukuma ta zo. Mudun da ka danne da ma'aunin da ka rage, yaron shagonka yana kallo, kuma barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.

Ya kai malam, kada ka karɓi yaron da ba ka iya ci da shi, kada kuma ka karɓi wanda ubansa ba zai aiko da abincinsa ba. Gara almajiri ashirin da kake sanin inda kowannensu ya kwana, da ɗari biyu da gardi ke kiwo. Masu wa'azi su kuma su tuna rugage da ƙauyukan bakin daji suna da haƙƙi a kansu, domin lasifikar da ke cikin gari ta yi yawa, har tana gogayya da juna a kan saɓanin ƙabalu da sadalu, alhali a tazarar tafiyar awa guda akwai saurayin da bai iya wankan janaba ba.

Ya kai uba, kafin ka ɗaga hannu, tambayi kanka ko yaron nan ya karya kumallo, ko ka san abokansa, ko ka taɓa zama ka ji karatunsa, ko ka taɓa kiransa ka yaba masa. In amsar ta yi kyau, to horo kaɗan a kan ƙa'ida haƙƙinka ne, ba wanda zai ƙwace maka. In ba ta yi ba, ajiye bulalar ka fara biyan bashi. Allah Ya umurce mu a cikin Suratut Tahrimi da mu tsare kanmu da iyalanmu daga wuta, kuma da kanmu aka fara.

Allah Ya kawo wa ƙasar Zurmi da Ƙaura da Shinkafi da sauran ƙasashen Musulmi zaman lafiya, Ya jiƙan waɗanda suka rasu, Ya kuɓutar da waɗanda ke hannu, Ya shirya mana zuriya, Ya ba shugabanninmu ikon yin adalci. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu. Wassalamu alaikum.